Shekarar da Aka Tumɓuke Inabin Firmin

Wata safiya cikin watan Janairu na leƙa ta tagar kicin, na hango Firmin Cazaubon durƙushe gaban wata kuringar inabi, almakashi a hannunsa, yana kallonta kamar yadda wanzami ke duba kan da zai aske. Raɓa ta daskare a kan wayoyin da ake ɗaure rassan inabi a jikinsu, ta yi fari fat. Ya daɗe bai motsa ba. Can sai ya kama reshe ɗaya ya lanƙwasa a hankali, ya saki, ya kama wani, sannan ya datse. Na ajiye kofina na ce, shi ke nan, tsohon nan ya fara taɓuwa. Duk ƙauyenmu babu wanda bai san gonar nan ba za ta ga kaka ba. An riga an sa hannu, katafila kawai ake jira.

Ni ce Huguette, hanya ce kaɗai ta raba gidana da nasu. Tawa gonar tun bara aka tumɓuke ta, saboda haka kada wani ya zo yana koya mini yadda abin yake ci a rai.

Mutane ne suka daina shan jar giyarmu, iyakar zancen ke nan. Kullum da safe rediyo sai ya sake maimaita mana, kamar ba a jikinmu abin yake ba: samari sun koma giyar sha'ir da kayan zaƙi, 'yan China da suka yi shekaru suna kwasa jirgi-jirgi sun ɗauke ƙafa, Amurkawa sun ƙara haraji. Dillalin da a da yake zuwa ya ɗanɗana ya tofar, ya yatsina fuska don a rage masa farashi, yanzu ko daga motarsa ba ya fitowa. Tankuna cike suke da ta bana da ta bara da ta bara waccan. Wata ma an kwashe ta an dafe, an mayar da ita ruwan wanke hannu na asibiti. Sai gwamnati ta ce duk wanda ya tumɓuke gonarsa za a ba shi tallafi, amma da sharaɗi: a gama kafin wa'adi, a ƙone kututturan, ma'aikaci ya zo ya ga fili tas da idonsa.

Maylis, 'yar Firmin tilo, ita ke riƙe da gonar tun rasuwar uwarta Solange. Babu abin da yarinyar nan ba ta gwada ba. Na ce yarinya, ko da yake furfura ta fara fito mata. Ta yi farar giya, ta sauya hoton jikin kwalba, ta cika mota ta bi kasuwanni har bakin teku, ta dawo da rabin kayan. Takardun gidan da aka haife ta a ciki suna hannun banki, kuma tallafin nan ne kaɗai zai fanso su. Ranar da ta gaya wa ubanta za ta sa hannu, ya ce, "Gonarki ce yanzu." Daga nan bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake tayar da wata maganar kirki da ita ba.

Kafin katafila ta shiga gona akwai aiki. Sai an sassare rassa duka, an zare wayoyi, an cire turaka. Aikin gayya ne na gaggawa, ba ya son tunani, sara kawai ake yi a wuce. Firmin ya ce a bar masa saran rassan, Maylis har ta ji daɗi, tana zaton ya sauko ne. Ashe aski na sosai yake yi wa kowace kuringa, irin wanda muke yi kowane hunturu tun muna yara. Ya zaɓi dogon reshe ɗaya wanda zai ba da 'ya'yan bana. A ƙasansa ya bar ɗan guntu mai idon toho guda biyu, wanda daga shi reshen baɗi zai fito. Ya karkata bakin yankan ya juya wa idon baya, don idan itacen ya fara zubar da ruwa kada ya jiƙa idon ya ruɓar da shi. Abin da ya fi ba ni haushi, har ɗaure dogon reshen yake yi a jikin waya da siririn itacen bakin rafi, wayar da ake jira a zare.

Na sa takalmin roba na tsallaka.

"Firmin, lafiyarka kuwa? Gawa kake yi wa kitso?"

"Ina kwana, Huguette. Ashe bakin nan naki bai daskare ba."

"Bai daskare ba. Na ce wa kake bar wa waɗannan idanun? Direban katafila?"

"Matsa, kin tare mini haske."

"Haba Firmin! Baɗi fa kake shirya wa. Babu baɗi a gonar nan, ka sani, na sani."

Ya datse wani reshe, ya jefa shi tsakiyar layi, ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. Hancinsa ya yi ja don sanyi.

"Ke da aka zo taki, wa ya sare rassan?"

"Ma'aikata na ɗauko haya. Na tafi wurin ƙanwata, ban dawo ba sai da aka gama."

"To, ni ba ni da ƙanwa," in ji shi. "Ranar da suka zo, su yi abin da za su yi. Kafin ranar, abu ne mai rai, kuma ni ban iya wani yanka ba sai wannan."

Na juya gida ina ta zaginsa a raina, ina kuma share hanci.

Haka Janairu ta wuce, Fabrairu ta yi nisa, tsoho bai ci ko sulusin gonar ba. Sai ga Gaëtan ya zo da tasa maganar. Gaëtan ɗan manomin inabi ne shi ma, ya sayar da taraktar ubansa ya sayi katafila, kuma a duk yankinmu shi kaɗai ne kasuwarsa ke ci. Ya ce wa Maylis mako ɗaya yake da shi a tsakiyar Maris. Idan ya zo ya tarar da waya a gona zai wuce, domin waya tana naɗe masa ƙarfe, kuma daga nan ba shi da sarari sai bayan wa'adi.

Ran Lahadi Maylis ta kira ni cin abincin rana. Na san ba don kewata ba ne, so take a sami na uku a teburin. Miyar kabeji da cinyar agwagwa ta yi. Tun da na san Firmin, idan miya ta kusa ƙarewa a kwanonsa sai ya tsiyaya jar giya a ciki, ya juya, ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya shanye, ya goge gashin baki da bayan hannu. Haka ubansa yake yi, haka nawa. Tun ranar sa hannu bai sake yi ba. Maylis ta turo kwalbar gabansa, ya yi kamar bai gani ba.

"Baba," ta ce, "Gaëtan ya sa rana."

"Na ji."

"Idan ya tarar da waya zai wuce. Idan ya wuce, babu tallafi. Idan babu tallafi, gidan nan ma ba namu ba ne. Ka gane ko?"

"Ai aikin nake yi."

"Ba aikin da na roƙe ka kake yi ba! Ina kwancewa, kana ɗaurewa. Jiya da hannuna na bi layi ina tsinka abin da ka ɗaura shekaranjiya."

Ya ci gaba da gutsurar burodi.

"Baba, in haushina kake ji, ka faɗa mini a fuskata. Ka ce na kashe gonar kakanka. Ka ce da namiji ka haifa da ba a kai ga haka ba. Ka zage ni, wallahi zan fi samun sauƙi. Amma kada ka fita kullum da safe kana nuna wa duk mai wucewa cewa kai kana raya ta, ni ina kashe ta."

Firmin ya ajiye cokali. Na zaci zai yi magana. Sai ya dubi kwanonsa ya ce, "Miyar ta yi daɗi." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Maylis ba ta yi kuka ba, uwarta ma ba mai kuka ba ce. Ta tattara kwanuka tana ajiye su da ƙarfi. Ta ce, "Inna Huguette, ya tsane ni. Zan ceci gidan, in zauna a ciki da mutumin da ba ya iya kallona." Na ce mata ƙarya ne, taurin kai ne kawai irin na gidansu. Amma gaskiya ni ma ban tabbata ba, kuma tausayinta ya kama ni.

Ni na ba da shawarar a kira gayya. Ba a sha wahalar tara mutane ba, ƙauyen cike yake da tsofaffin da ba su da sauran gona, almakashinsu na rataye yana tsatsa. Muka shiga da sassafe muna sara ba ji ba gani. Da farko ana ta barkwanci, wani yana cewa yau ce ranar da ya fi kowa iya aski a duniya. Kafin hantsi barkwancin ya ƙare, ba ka jin komai sai ƙarar almakashi. Firmin yana can ƙarshen gona, ya ba mu baya, yana nasa aikin a hankali kamar ba mu nan.

Maylis ta ɗauki layin da ke bakin rijiya, wanda uwarta ta dasa shekarar da aka kawo ta gidan tana amarya. Ni ina bayanta ina janye rassan da ta sare. Bahaguwa ce kamar Solange, almakashinta ma na uwar ne, na 'yan hagu. Kuringar farko ta sare ta kamar mai faɗa da ita, ta biyu ma haka. Muna tafe tana ba ni labarin yadda wani babban kanti ke sayar da kwalbar giyar yankinmu ƙasa da kuɗin kofi ɗaya a tasha, tana ta masifa, idonta ma ba a kan aikin yake ba. Sai na lura rassan da nake ja sun ragu. Na dubi kututturen da ta bari. Ga ɗan guntu a ƙasa, ga ido guda biyu, ga yankan a karkace ya juya wa idon baya. Na dubi na bayansa, haka. Na bayansa ma haka.

"Maylis," na ce, "ke ma?"

Ta waiwayo, ta bi layin da kallo. Fuskarta ta yi ja. Ta yi wata ashar da ban taɓa ji a bakinta ba, ta koma kan kututturen, ta sa bakin almakashi a gindin guntun. Hannunta ya tsaya a nan. Ina ganin jijiyar wuyan hannunta ta tashi, amma ba ta matsa ba.

"Kada ki gaya masa," ta ce.

"Ni? Yaushe na zama mai surutu?"

Ba ta yi dariya ba. Ta wuce gaba, kuma har ƙarshen layin hannun nan bai yi mata biyayya ba. Dogon reshe dai ta sare shi don a zare waya, amma guntun baɗi ta bar wa kowace. Mun gama a kan lokaci. Maza suka naɗe wayoyi suka tara turaka, har da na layukan da Firmin ya ɗaure. Bai hana ba, bai kuma taya ba.

Ranar da katafila ta zo gari ya yi ɗumi, irin ɗumin da ke tayar da ruwa a jikin itace. Kowane bakin yanka yana ɗiga, gonar gaba ɗaya tana ƙyalli a rana. Mu a nan kuka muke kiran wannan, kuma kowace shekara murna muke yi da shi, don alama ce hunturu ya ƙare. Gaëtan ya sauko, ya cire hula ya nufi Firmin.

"Baba Firmin, ka yi haƙuri. Wallahi ba da son raina ba."

"Yi aikinka, ɗan nan. Amma ka fara daga tudu. Kwarin bai tsane ba, za ka kafe."

Firmin ya tsaya a bakin hanya, hannuwa a baya, daga farko har ƙarshe. Ni da na gudu ranar tawa, na tsaya kusa da shi don kunya. Saiwar tsohuwar kuringa tana da ƙara idan ta tsinke, ana jin ta har cikin haƙori. Maylis ba ta fito ba, tana ɗakin tankuna tana wanke abin da ba ya bukatar wanki. Kafin mako ya ƙare Gaëtan ya tara kututturan tsibi guda a tsakiyar fili, ya fi rufin gidana tsawo, ya ce a bar su su sha iska kafin a sa wuta.

Sai aka yi ta ruwa. Da ya ɗauke, rana ta fito, Afrilu ta kama. Wata safiya na leƙa ta tagar nan tawa, na ga tsibin ya sauya launi. Na ɗauka idona ne, na goge gilashi. Kututturan da ke kwance saiwa a sama, babu ƙasa babu komai, sun toho. Ba duka ba. Waɗanda muka sassare sun fitar da ɗan abin da ba a rasa ba, nan da can. Amma waɗanda aka bar wa guntu, kowanne ya buɗe idonsa biyu, ganye ƙanana masu laushi, bakinsu ja-ja. Ruwan da ya rage a jikinsu suke sha, ba su san abin da ya faru ba. Na zauna a kujera na yi kukan da ban yi wa tawa gonar ba.

An aiko cewa ma'aikacin gwamnati yana tafe cikin makon, dole a ƙone. Na ga Maylis ta fito da jarkar mai da ashana, na bi ta. Muka tarar da Firmin ya riga mu. Yana zagaya tsibin yana leƙawa, yana taɓa wannan, yana juya wancan. Maylis ta ajiye jarka ta tsaya nesa kaɗan.

"Wannan nawa ne," in ji shi, ba tare da ya dube mu ba. "Wannan ma. Wannan kuwa aikin su Huguette ne, mahauta."

"Ka ji shi," na ce. "Da ba don mahautan ba, da yanzu a titi kake kwana."

Bai kula ni ba. Ya jawo wani kututture daga gefe, ya ɗaga shi ga haske, ya daɗe yana kallon bakin yankan. Ya shafa shi da babban yatsa.

"Wannan ba hannuna ba ne. Ta hagu ya karkata."

Ya ajiye, ya jawo wani, ya sake jawo wani.

"Layin rijiya ne. Duk layin." Ya yi gyaran murya. "Sun fi nawa tohowa."

"Ban yi da niyya ba, Baba," in ji Maylis. "Hannuna ne."

"Na sani. Ni ma nawa ne." Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta sosai, karon farko tun kafin Kirsimeti. "Kina zaton da ke nake? Ni kunyar kallonki nake ji. Na ba ki gona a lokacin da ta zama kaya, na bar ki da sa hannu ke kaɗai."

Maylis ta rufe baki da bayan hannu. Shi kuwa ya sunkuyar da kai kan kututturen, ya sa farce ya ɓalle wani ɗan toho da ya fito a gefe.

"Amma nan kin bar ido na uku. Kullum ina gaya miki, biyu ake bari."

Ta yi wata irin dariya da ta karye a tsakiya. Ta durƙusa za ta ɗauki jarka, ya riga ta.

"Kawo ashanar. Ke kin yi naki, ya isa haka."

Ɗanyen itace ba ya son wuta. Sai da ya zagaya yana yayyafa mai, ya ƙyasta ashana ta mutu, ya sake ƙyastawa, sannan ta kama daga ƙasa. Hayaƙi fari mai kauri ya tashi. Ganyayen nan suka yi ta lanƙwashewa tun wutar ba ta kai gare su ba. Muka tsaya mu uku har zafi ya kore mu baya. Daga kan tudu ana hango hayaƙi irinsa a wurare da dama, har hayin kogi.

Da rana muka zauna cin abinci, miyar jiya ce aka ɗumama. Da ta kusa ƙarewa, Firmin ya miƙa hannu ya jawo kwalbar. Ya tsiyaya a kwanonsa, ya tsiyaya a na 'yarsa, ni kuwa ya ce in zuba da kaina tun da ina da hannu.

"Saura nawa a tankunan?" ya tambaya.

"Wadda za ta ishe mu har mu mutu, Baba. Har a yi zaman makokinmu da ita."

"To, madalla."

Ya ɗaga kwanon da hannu biyu ya shanye, ya goge gashin baki. Ya zaro almakashinsa daga aljihun riga, inda yake zama hunturu da bazara, ya ajiye a kan tebur kusa da burodi, yana ta kallonsa.

"Maylis," ya ce, "idan Janairu ta zo, me mutane suke yi da safe?"

Ta dube ni, ni da na riga su shekara guda. Iska ta juyo da hayaƙin wajen gida, Maylis ta tashi ta rufe taga.